Sannun da Ta Kwantar da Maigidana

Matso nan kusa da ni, ja tabarma ka zauna, in ba ka labarin shekarar da muka kusa lalata ƙafar maigidana da sannu. Kada ka yi saurin dariya. Ba wanda ya yi mashi mugunta, ba wanda ya yi sakaci da shi. Mu masu sonsa ne muka taru muka kwantar da shi, da romon kaza da kunun gyaɗa da "Allah Ya sawwaƙe", har lambunsa ya kusa fita daga hannunsa.

Ni a nan Madarumfa aka haife ni, nan aka kawo ni ɗaki, kuma ba ni da yawo. Tabki ga shi nan bayan gari, amma sai in shekara ban leƙa shi ba, kifinsa dai nake sani in ya iso tukunyata. Abin da Allah Ya hore mani kunne ne. Ina cikin madafa nake gane mai shigowa zaure daga yadda yake jan takalmi, kuma in maƙwabciya ta amsa gaisuwar safe na san ko sun kwana lafiya da mijinta ko an ɗan taɓa. Maigidana kuwa, Malam muke ce mashi ni da kowa, shi ba ya zama. Da damina yana gonar hatsi da wake. In ruwan tabki ya ja da baya sai ya koma lambu, tumatir da albasa da kabeji da ɗan salati. Filin lambun na gado ne, yana hannun wansa, shi ke nuna wa kowa inda zai yi aiki. Malam ya daɗe a yankin da ya fi kusa da ruwa. Shi ya haƙa rijiyoyin, shi ya yi shinge, shi ya dasa zogalen da ke bakin hanya. In yana maganar wurin nan sai ka ce ɗiyarsa ce ta fari.

Farkon damina abin ya faru. Yana dawowa daga Gabi bisa amalanke, wani ɗan kabu-kabu bisa babur ya wuce su da ƙara, shanun suka firgita, amalanke ta kife a gefen hanya. Ƙafar hagu ta karye ƙasan gwiwa. Aka kai shi gidan likita a Maraɗi, aka ɗaure, aka dawo mana da shi a kwance.

To, ka san halinmu da dubiya. Ba a zuwa hannu sake. Mai ƙwan zabi ya kawo, mai nono ta kawo, wanda ba shi da komi ya kawo goro da doguwar addu'a. Yayarsa, wadda ta goye shi yana jinjiri, ta mai da gidanmu gidanta. Har yau "amarya" take ce mani, ko da yake ina da jikoki. Kullum tana tafe da kwano a kai.

"Amarya, ɗumama mashi romon nan. Ƙashi romo yake so. Kada ki bari ya motsa, kin ji ko?"

Abokansa da ke zama gindin dogon yaron ƙofar gida su ma suka kwaso butar shayinsu suka shigo ciki, tun da na tsufa, ba wanda nake ɓuya don shi. Suka haƙa ramukan dara a ƙasan rumfa, daidai bakin ɗakin Malam, yadda zai ga wasa yana kwance. Shayin farko nasa ne. In ya buɗe baki kowa ya yi shiru. Labarin cin ranin da ya yi a Najeriya yana saurayi, wanda a da in ya ɗauko ake watsewa, yanzu har tambaya ake yi, "Daga nan fa, Malam?" Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya samu fada irin wannan ba.

Da damina ta yi nisa muka koma wurin likita. Ranar nan har ni na fita. Ya duba hoton ƙafar, ya lallatsa, ya ce, "Baba, ƙashi ya haɗu. Saura kai. Ka riƙa takawa kullum, kaɗan-kaɗan, da sanda. In ka bar ta kwance gwiwar za ta sandare, kuma in ta sandare ba ni da allurar da za ta buɗe ta."

Malam ya dawo da ƙarfin zuciya, kada in ci amanarsa. Da la'asar ɗin ranar, majalisa ta cika, ya ce a ba shi sanda. Ya miƙe. Ya ɗaga ƙafa ke nan sandar ta zame, ya zauna daɓas, ya ture butar shayi, garwashi ya watse. Wuri ya ruɗe da sannu. Yaya ta fasa kuka, ta ce duk wanda ya sake tsayar da ƙaninta ita da shi ne har gaban Allah. Aka ɗauke shi kamar jariri aka mai da shi shimfiɗa, aka yanka mashi zakara. Bai ji ciwo ba ko kaɗan, amma kunya ta shige shi, da tsoro. Daga ranar ya jingine sanda a bayan ƙyaure.

Hatsi ya nuna, aka yanke mana gona da gayya, Malam yana kwance. Sai wansa ya aiko. Ya ce shi ba mugu ba ne, amma ƙasa ba ta zama banza. In ruwa ya ja aka zo rabon wurin lambu, in Malam bai zo da ƙafarsa ba, zai ba ɗan ƙaninsu yankin ya noma. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Wanda ya yashe rijiya ya gyara shinge ya zuba taki, ba a zuwa baɗi a ce mashi tashi. Ƴaƴanmu maza suna Najeriya wajen nema, in na kira su a salula na ce lambu sai su ce layi ba kyau.

Da Malam ya ji saƙon ya juya fuska ga bango ya ce, "Allah Ya sa haka ya fi alheri." Muryar da ya faɗe ta da ita ce ban so ba.

Na fara da faɗa, don shi ya fi kusa da baki. Na ce likita ya ce ka taka. Na ce tsaranka suna gona. Na ce wane ma da motar garin Ɗan Issa ta take shi ga shi can yana sai da lemu a tsaye. Malam ya ƙi tuwo ranar, ya ƙi yi mani magana, Yaya ta zo ta same shi haka ta wanke ni tas, ta kuma ba shi fura da hannunta. Na ga faɗana ma riba ya jawo mashi.

Sai na yi shiru na kasa kunne, abin da na fi iyawa. A nan na gane nishin Malam iri biyu ne. Akwai na ciwo, gajere, daga can ciki, wanda ba ya son a ji. Akwai kuma wani dogo mai jan wutsiya, "waaash, Allah", shi kuwa ba ya fitowa sai takalmi ya yi motsi a zaure, ko na gitta da kwano. Na farkon ya kusa ɓacewa. Na biyun kullum ƙaruwa yake. Kuma kada ka ce ƙarya yake yi, wallahi shi kansa bai san yana yi ba. Mu muka koya mashi. Duk lokacin da ya ja nishin nan wani abu mai daɗi sai ya iso, ko sannu, ko kunu, ko hannu a kafaɗa. In kuwa ya lallaɓa ya tashi zaune ya jawo buta da kansa, ba mai gani, ba abin da ke zuwa. In ma an gani, abin da zai ji shi ne, "Kwanta, kwanta, ina za ka?" Ko ni aka yi wa haka kwanciya zan yi.

Malam yana da taubashi, ɗan gwaggonsa, masunci ne a tabki. Tun suna yara suke zagin juna, shi yana ce wa Malam "bawana", ni kuma yana ce mani "matata". Shi kaɗai ne a cikin masu dubiya ba ya cewa sannu. In ya shigo sai ya ce, "Har yanzu mai jegon nan ba ta yi arba'in ba?" Rannan ya kawo kifi, na tare shi a bakin madafa na gaya mashi abin da kunnena ya jiyo.

Ya yi dariya har ya dafa turmi. Ya ce, "Matata, to ki hana shi abinci mana. Yunwa za ta tada shi."

Na ce, "Na gwada ɗan'uwan hakan, bai yi ba. Ba hana shi zan yi ba. Duk abin da yake samu zai samu, wurin da zai same shi ne zan matsar."

"Ni kuma me zan yi?"

"Kai ka jira tukuna. Mutumin da ya faɗi gaban jama'a ba zai sake miƙewa gaban jama'a ba sai ya tabbata. Ka bar mani shi da safe, lokacin ba kowa."

Washegari na dama kunu, maimakon in kai mashi hannu sai na aje bisa kujera a bakin ƙofa, inda sai ya tashi zaune ya miƙa jiki. Ya ja dogon nishin nan. Na ce "sannu" daga inda nake, ba gishiri ba mai, na ci gaba da shara. Ya sake. Na ci gaba da shara. Can na ji tabarma ta yi ƙara, na ji kwano ya motsa. Nan take na yar da tsintsiya na zo na zauna kusa da shi, fuska a sake, na ce, "Malam, ka ji abin da ya faru jiya gidan mai butiki, mai kantin nan?"

Ka tuna duk labarin unguwa ta kunnena yake bi. Wanda akuyarsa ta shiga masallaci, wadda ta zuba sukari a miya a zaton gishiri ne, duk suna wurina. Malam kuwa da yake cewa hirar mata ɓata lokaci ce, ashe yana so kamar me. Na mai da ita abin cinikina. In ya yi nishi ba labari. In ya motsa, labari ya zo tun kafin ya gama motsin, don na lura in na bari sai an jima ba ya haɗa wannan da wancan. Kwanci tashi kujerar kunu tana ja da baya, sanda ta fito daga bayan ƙyaure. Ranar da ya fara tsayuwa a bakin ƙofa, yana riƙe da dogarin ƙofa, na rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Ya ce, "Ke baiwar Allah, ba ki da hankali," amma bakinsa ya ƙi rufuwa.

Daga nan na koyi yanke labari. Sai na kai daidai inda mijin da ke cikin labarin ya ɗaga murfin tukunya, in miƙe in ce, "Af, wutata. Ƙarashen yana madafa." In tafi in bar shi. Yakan yi ta mita, ya ce wannan zalunci ne, ya ce ba a yi wa mara lafiya haka. Ni dai ina hura wuta ina kasa kunne. Sai in ji ƙwas, shuru, ƙwas, shuru, sanda da jan ƙafa. In ya iso na riga na aje mashi kujera, ga ƙosai mai zafi, ga ƙarashen labari.

Da na ga ƙafa ta fara yarda sai na ce wa taubashi lokacinsa ya yi. Ya gaya wa ƴan majalisa wai rumfar nan tana da kunama, ya ga babba da idonsa. Suka kwashe buta suka koma zaure, suka haƙa sababbin ramukan dara a can. Daga ɗakin Malam ana jin muryoyinsu sarai, amma ba a ganin komi. Taubashi kuma ya ɗauko labarin cin ranin Malam, da babbar murya, yana ba da shi a karkace.

"Ai da bawana ya isa Kano," in ji shi, "ya ga motoci sun yi yawa, sai ya fashe da kuka ya kama rigar wani ɗan dako ya ce, Baba, mai da ni Madarumfa."

Malam ya ɗaga murya daga ɗaki, "Ƙarya kake yi, ɗan masu warin kifi! Ba Kano ba ne ma!"

"Wa ke magana? Kun ji wani abu? Kamar mai jego ce ke kiran ruwan zafi."

Ranar farko zagi kawai ya aika. Ranar da ta biyo ma haka. Wata la'asar ina tsince shinkafa na ga Malam ya sa hula. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya ratsa tsakar gida a hankali, yana tsayawa yana hutawa, ya shiga zaure. Na riga na ja wa taubashi kunne, ba mai cewa sannu, ba mai tashi ya kama shi. Abin da na jiyo shi ne muryar taubashi, "Ku matsa, ga wanda zan cinye ya iso. Ku ba shi shayin farko kafin in kunyata shi." Suka buga dara har magariba, Malam ya ci shi, ko kuma shi ya bari aka ci shi, wannan har yau ban sani ba.

Yaya ta ji labari, ta zo da fushinta.

"Amarya, ashe ke ce mai sa yaron nan wahala? Kunu ma sai ya yi tattaki?"

Na ce, "Yaya, zauna ki sha ruwa. Romonki ne ya haɗa ƙashin nan, ba wanda ya musa. Abu ɗaya nake roƙo. In kin kawo, ki zauna can gindin rumbu, ki kira shi ya zo ya karɓa."

"In kira mai karaya ya zo wurina? Allah Ya kiyaye. Me mutane za su ce?"

Ba ta yarda ba, kuma ban ja da ita ba. Ta ci gaba da kai mashi har shimfiɗa, shi kuma in ya ji takalminta sai ya koma ya kwanta ya ja mata nishinta. Na ce ba komi, wannan rabonta ne. Mutum bai rasa inda zai yi shagwaɓa.

To sai wata matsala ta ɓullo daga inda ban zata ba. Malam ya gane ana biyansa, ya fara ciniki.

"In na kai bakin rijiyar gidan nan yau, me zan samu?"

"Dambun zogale."

"Jiya shi kika ba ni a gindin rumbu. Rijiya ta fi nisa. A sa kifi."

Da farko dariya abin ya ba ni, na sa kifin. Amma ranar da taubashi bai samu komi a taru ba, Malam ya ce to shi ma ƙafarsa ba ta samu komi ba, ya yi kwanciyarsa. Na zauna na yi tagumi. Na mai da mijina ɗan ƙwadago a kan ƙafarsa ta kansa. Kuma ko zan soya kifin tabkin nan duka, ba zan iya binsa da kwano har lambu ba. Ga kaka ta wuce, masu zuwa daga bakin ruwa suna cewa laka ta fara bayyana. Maganar lambu kuwa in na ɗauko sai ya ce in bari, ya riga ya sallama.

Malam ba ya sayen irin tumatir. Nasa yake cirewa, ya shanya, ya cuɗa da toka ya zuba a ɗan gora ya rataye cikin rumbu. Na hau na sauko da goran. Na je can ƙarshen gida, bayan rumbu, inda ba ya hangowa daga ɗaki ko daga zaure, na ɗan kafta ƙasa. Ni dai tun da nake ban taɓa renon iri ba, wannan ba wasa na yi ba. Na ɗaga murya.

"Malam, irin tumatir ɗin nan naka, zurfin tafin hannu ake binne shi ko har gwiwar hannu?"

Sai na ji muryarsa, "Wane iri?"

"Na cikin gora. Na ga zai lalace, na ce bari in zuba. Duka zan juye a rami ɗaya ko?"

"Kada ki taɓa! Ke, kada ki taɓa, na ce!"

Ban taɓa jin sandar nan ta yi sauri irin na ranar ba. Ya iso yana haki, ya fizge goran, ya dubi ramin da na tona ya ce ko gawar jaki za a binne a ciki. Ya sa na kawo mashi kujera da ƴar fartanya da taki mai laushi daga turken awaki. Ya baje ƙasa da tafin hannu, ya yayyafa iri, ya rufe da ƙasa sama-sama, ya shimfiɗa ciyawa. Ya ce ruwa kuma ba kwarawa ake ba, da tsintsiya ake yarfawa. Duk abin nan yana yi yana faɗa, ni kuwa ina "to, Malam, ban sani ba, Malam". Har ya gama bai tambayi abin da zai samu ba.

Washegari tun kafin in dama kunu na ji sanda ta nufi bayan rumbu. Ba abin da ya fito, ƙasa ce kawai. Ya koma da hantsi, ya koma da yamma. Kaji suka gano wurin, ya ɗaura yaƙi da su, ya sa aka kawo mashi ƙaya ya kewaye. Akwai wata baƙar kaza mai taurin kai da ta sa shi tafiyar da ni da ƙosaina ba mu sa shi ba. Na daina yanke labari, na daina aje kunu nesa, bai ma lura ba.

Wata safiya ya ƙwala mani kira, irin kiran da na ɗauka faɗuwa ya yi. Na sheƙa. Na same shi a duƙe, ya ɗaga ciyawa, ga ƴan kore-kore sun huda ƙasa kamar gashin jariri.

"Dubi nan. Ba wanda ya ƙi fitowa. Irin hannuna ke nan."

Na duba, na yaba. Amma abin da ni nake kallo daban ne. Gwiwar da aka ce za ta sandare ce ya lanƙwasa ya duƙa a kanta, sanda kuwa tana can jingine da rumbu. Ban ce mashi komi ba, don kada ya tuna.

Iri in ya yi tsawo dole a dasa, kuma ba a dasa tumatirin lambu a bayan rumbu. Wannan ba ni na gaya mashi ba. Da aka aiko cewa gobe wansa zai fita rabon wuri, Malam da kansa ya ce in nemo mashi tsohon wandonsa na aiki. Aka ce a ɗaura amalanke a kai shi, ya ce shi da amalanke sai a lahira. Da hantsi ya fita, sanda a hannu, taubashi yana biye da shi da kwandon iri a ka yana cewa, "Ku ba da hanya, yau bawa ne gaba, ubangiji a baya."

Ni ban je ba. Na zauna gida, na kasa cin komi, na share tsakar gida har inda ba datti. Yadda aka yi a bakin mutane na ji, kuma kowa da irin nasa. Abin da suka haɗu a kai shi ne ya huta a hanya ba sau ɗaya ba, har wani wuri ya zauna a kututture ya daɗe, mutane suka ce ya gaza. Ya tashi. Ya isa ana tsaye a bakin shingensa, ɗan ƙanin nan har ya zo da fartanyarsa. Wansa ya dube shi tun daga hula har ƙafa, ya ce, "Ka makara, rana ta yi." Sai ya juya ga ɗan ƙanin ya nuna mashi wani yanki can wajen gabas. Iyakar maganar ke nan. Malam ya buɗe ƙofar shingensa ya shiga.

Ya dawo bayan azahar, laka har ƙauri, ƙafar ta ɗan kumbura. Na gasa mashi da ruwan zafi. Bai ba ni labarin tafiyar ba, sai faɗan yadda rijiya ɗaya ta rufta da yadda awakin mutane suka cinye mashi zogale. Har yau yana ɗan ɗingishi in sanyi ya yi, amma lambunsa yana hannunsa.

Da tumatir ya nuna, Malam ya shigo da kwandon farko ya dire a tsakar gida. Al'adarsa ce ɗiban farko ba ya zuwa kasuwa, kyauta ake yi da shi, kuma wanda aka fara aika wa shi ne aka girmama, duk dangi sai sun ji. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ke, wa za a fara kai wa? Yaya ko wancan ɗan banzan?"

Na ce, "Kai me ka gani?"

Ya ce Yaya ta yanka kajinta kaf saboda shi, ta bar gidanta ta yi jinyarsa, in ba a fara da ita ba ba za ta sake taka gidan nan ba. Amma kuma, in ji shi, da ta Yaya aka bi da yanzu wani ne ke ɗiban tumatir a wurin nan. Taubashi kuwa bai taɓa ce mashi sannu ba ko da kuskure, sai zagi, ga shi kuma shi ya ɗauki kwando a ka ya bi shi a hankali har bakin tabki. Ni da na yi tsammanin za a ambace ni, ko a cikin lissafin ban shiga ba, wai ni ta gida ce, miyar ai a tukunyata za a yi. Muka yi ta ja har inuwa ta juya, tumatir yana zaune cikin kwando yana jiranmu. To kai da ka ji yadda aka yi tun daga farko, in kai ne, gidan wa za ka fara aika kwandon nan?